Bayan haɗarin mota: a ina haƙƙin mai inshora yake salwanta?

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Koke iri ɗaya ne yake ta dawowa a zauren nan: mutum yana da inshora, ya yi haɗari, sai kamfani ya ƙi biya, ko ya biya abin da bai kai ba, ko a gyara motar bayan wata uku ta fara nuna hali. Tunda Allah ya haɗa mu da masu aikin inshora da masu gareji da lauya, mu warware maganar. Mu ɗauki misali guda: ƙaramar mota ta daki bayan wata, gabanta ya lotse, jakar iskar direba ta fashe, ba wanda ya ji mummunan rauni. Hajiya, bisimilla.

Hajiya Mai Inshora: Wa'alaikumus salam. Kafin komai a san wace inshora ce a hannu, don rabin rigimar daga nan take tashi. Inshorar ɓangare na uku, wadda doka ta tilasta a yawancin ƙasashe, ba ta gyara motarka. Aikinta ta biya ɓarnar da ka yi wa wani: motarsa, katangarsa ko jikinsa. A misalin Shugaba, in ita kaɗai ce da wanda ya yi dukan, kamfaninsa zai ji da motar da aka daka, gaban tasa motar kuwa daga aljihunsa. Cikakkiyar inshora ce take ɗaukar duka biyun.

A wurin haɗarin, bayan an duba lafiyar mutane an sa alamar gargaɗi a hanya, a ɗauki hoto kafin a gusar da motocin, in tsayuwarsu ba za ta jawo wani haɗarin ba. Mutane sukan manna waya a jikin wurin da ya lotse su tsaya nan, alhali hoton nesa ya fi amfani. A ja baya a ɗauka ta kusurwa huɗu, yadda za a ga layin titi, alamomin hanya, sawun burki, da inda gilashi ya zube. Sai lambobin motocin, lasin ɗin ɗaya direban, takardar inshorarsa, da allon gaban direba yana nuna kilomita da fitilun da suka kama. A karɓi lambar wayar shaidu tun ba su watse ba. A sanar da 'yan sanda, domin in akwai rauni ko mota fiye da ɗaya da wuya kamfani ya motsa ba rahotonsu.

Sai a kira kamfani a ranar. Takardar inshora takan zo da wa'adin sanarwa a cikinta, wata kwana biyu, wata kwana bakwai, wata kuma kwana talatin. Bayan kiran a bi da saƙo a rubuce, a karɓi lambar da aka ba wa ƙorafin.

Barista: Hajiya ta tsallake abu ɗaya da yake kashe magana tun a bakin titi, wato ɗaukar laifi. Kusan kowace takardar inshora tana da sharaɗin cewa mai mota ba zai amsa laifi ba, ba zai yi alkawarin biya ba, ba zai yi sulhu ba sai da izinin kamfani a rubuce. Wanda ya rubuta wa ɗaya direban "ni zan gyara maka" ya sa hannu, ya ɗaure kamfanin da igiyar da bai yarda da ita ba, kuma yana iya janye jikinsa.

Sabon Direba: Barista, a gafarce ni. In ni na daki mutum ta baya kowa ya gani, ƙin amsa laifi ba ƙarya ba ce?

Barista: A'a ƙanena. Faɗin abin da ya faru daban, yanke hukuncin wa zai biya nawa daban. Ka gaya wa ɗan sanda da kamfani gaskiya tsantsa: gudun da kake yi, lokacin da ka taka burki, tazarar da ke tsakani. Ka jajanta wa mutumin, ka taimaka masa. Amma mai yiwuwa fitilar burkinsa ba ta aiki, ko ya shigo layinka ba sigina, kuma a cikin ruɗewa ba ka lura ba. Rabon laifi aikin masu bincike ne. A fom kuwa ko kaɗan kada a yi ƙarya. In wani ne yake tuƙi a rubuta shi. In aka canza direba a takarda, ko aka cusa tsohuwar lotsa cikin sabuwa, kuma aka gano, ba wannan ɓangaren kaɗai ake rasawa ba, duka diyyar ce take rushewa.

Oga Bakanike: Ni nawa gargaɗin a kan tayar da motar ne. A gaban mota, bayan bamba da ƙarfen da ke bayanta, kwandensar AC ce, bayanta lagireto, bayansa fanka. Duka kaɗan ya isa ya tsaga lagireto ko ya tura shi cikin fanka. Mutum ya ga inji ya tashi sai ya ce bari ya lallaɓa gida. Ruwa ya tsiyaye a hanya, inji ya yi zafi, gasket ya ƙone, tof silinda ya lanƙwashe. Wannan ɓarnar kamfani zai ce ba haɗari ne ya yi ta ba, tuƙin bayan haɗari ne, kuma yana da gaskiya. A leƙa ƙarƙashi. In an ga ruwa mai launi, ko baƙin mai, ko jan man giya yana ɗiga, ko taya ɗaya ta karkace, a kira janwe. Mota mai giya otomatik ko mai ja da taya huɗu a ɗora ta gaba ɗaya a kan janwe mai shimfiɗa, don jan ta da tayoyin ja a ƙasa yana cin giyabos. A ajiye rasit ɗin janwe, cikakkiyar inshora takan biya shi zuwa wani adadi.

Injiniya Mai Ƙiyasi: Madalla Oga. Yanzu mun zo inda aka fi yin asara. Kada sifana ta taɓa motar nan da sunan gyara sai mai ƙiyasin kamfani ya gan ta, kuma izinin gyara ya fito a rubuce. Mai ƙiyasi abin da idonsa ya gani yake rubutawa. In ya zo ya tarar an buge bonet an shafa fila, wato kwaɓin da ake cike ramukan bodi da shi kafin fenti, ba shi da hujjar cewa bonet ɗin ya cancanci canji.

Amma ga inda mutane ba su sani ba: ƙiyasin farko ba shi ne na ƙarshe ba. Ana yin sa ne mota tana rufe. Sai an cire bamba da fitilu da fenda ake ganin ainihin ciwon: ƙarfen bayan bamba, firam ɗin da ke riƙe lagireto, kan shasi, ƙafafun fitila da suka karye ta baya gilashin yana lafiya. Da zarar gareji ya buɗe ya ga ƙari, aiki ya tsaya, a ɗauki hoto, a rubuta ƙarin ƙiyasi, a jira amincewa. Garejin da ya wuce da aiki ba wannan, ɗaya daga biyu ne: ko ya dawo wa mai mota da lissafi a ƙarshe, ko ya rufe ɓarnar da bamba sabuwa ya yi shiru. Na biyun ya fi muni.

Ƙiyasin kansa ya zama dalla-dalla. Kowane kaya da layinsa: sunansa, gyara za a yi ko canji, sabo ne ko na hannu, kuɗin aiki daban, kuɗin fenti daban. A rubuta lambar shasi mai harafi da lamba 17 a kai, don da ita ake samo kayan da suka dace da ainihin samfurin. Takardar da aka rubuta "gyaran gaba" da jimla ɗaya ba a iya jayayya da ita, ba kuma a iya kama kowa da ita.

Malam Fanel Bita: Maganar shasi ina so a dakata a kanta. Ƙananan motocin yanzu ba su da shasi daban kamar babbar mota, bodin ne shasin. Ƙarafa biyu da suka miƙo gaba, waɗanda inji yake zaune a tsakaninsu, an yi su ne su naɗe in an yi karo, su shanye ƙarfin dukan kafin ya iso wurin mutane. Don haka ba da ido ake duba su ba. Ana aunawa daga ramukan da kamfanin motar ya tanada, a gicciye, hagu zuwa dama da dama zuwa hagu, a kwatanta da ma'aunin littafin motar. Bambancin da ake yafewa bai cika wuce milimita 3 ba. Ƙarfen da ya ɗan karkace ana ɗaure motar a kan benci a ja shi da sanyinsa. Wanda ya yi lanƙwasa mai kaifi, ya naɗe kamar takarda, canji yake so.

Oga Bakanike: Malam, amma ai an daɗe ana gasa ƙarfe da wuta a miƙe shi, motoci suna yawo.

Malam Fanel Bita: Suna yawo Oga, sai ranar karo na biyu ake sanin abin da aka yi. Tsofaffin motoci da ƙarfe mai laushi aka yi su, yana jure wuta. Na yanzu, musamman ginshiƙan ƙofa da ƙarfen bayan bamba da sassan shasi, ƙarfe ne mai tauri wanda ƙarfinsa daga sarrafa shi da zafi ya samo asali. Ka gasa shi ya yi ja, ka warware wannan sarrafawar. Zai miƙe, ya sha fenti ya yi kyau, amma ƙarfinsa ya tafi. Shi ya sa masu ƙera motoci suke hana miƙe waɗannan sassan da wuta. Alminiyam kuma ya fi wuya, don ba ya canza launi in ya yi zafi, sai dai ka ga ya zube.

Oga Bakanike: Na karɓa a kan shasi da ginshiƙi. Amma kada mai karatu ya ɗauka kowace lotsa canji take so. Fenda ko ƙofa da ta lotsa a tsakiya, ba a kan layin bodi ba, bugun ƙwararre ya fi a sa sabuwa ta jabu wadda ba za ta zauna daidai ba.

Malam Fanel Bita: Wannan haka yake, muddin an buge ta ta dawo kusa da asalinta. Fila don share 'yan ramuka aka yi ta, kaurinta kada ya wuce milimita 3. Wanda ya cike rami da ita maimakon bugu, rana da girgizar hanya za su tsaga ta, ruwa ya shiga, tsatsa ta kama ta ƙarƙashi.

Mai Wayarin: Tunda a misalin jakar iska ta fashe, a sani ba ita kaɗai ake canzawa ba. Bel ɗin kujera yana da nasa abin fashewa da yake tsuke shi a lokacin karo, kuma sau ɗaya yake aiki. Bel ɗin da ya maƙale ko ya saki ya ƙi komawa ya gama aikinsa. Sai sensa ɗin karo da ke gaba, da naɗaɗɗiyar wayar bayan sitiyari wadda zafin fashewar yakan taɓa, da kwamfutar jakar iska da take riƙe bayanin karon. A motoci da yawa canza ta ake yi. Duk waɗannan su fito a ƙiyasi da sunansu.

Ha'incin da ake yi a nan mai kisa ne. A rufe sitiyari da murfi ba komai a ciki, a sa ɗan resista, wani ƙaramin kayan lantarki, a soket don kwamfuta ta ɗauka jakar tana nan, ko a toshe fitilar gargaɗin. Gwajin farko mai sauƙi ne: in ka kunna makulli, fitilar jakar iska ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. In ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an taɓa ta. In ta ƙi mutuwa, akwai matsala. Resista kuwa wannan gwajin ba ya kama shi, shi ya sa za ka nemi rasit ɗin jakar, ka nemi ganin ta kafin a ɗaura. Motar da take da rada, wato na'urar hango abin da ke gaba, a bayan bamba ko kyamara a jikin gilashin gaba, bayan an cire an mayar sai an sake saita su da na'ura, in ba haka ba burkin gaggawa zai riƙa hango abu a inda ba ya nan.

Alhaji Mai Motoci: Duk na ji. Amma ni ra'ayina, mutum ya karɓi kuɗinsa a hannu ya kai garejin da ya yarda da shi. Garejin kamfani, kamfani yake yi wa biyayya.

Hajiya Mai Inshora: Alhaji, akwai gaskiya a ciki, amma a duba abin da ake sayarwa da wannan 'yancin. Ranar da ka karɓi kuɗi ka sa hannu, an rufe fayil. In aka buɗe motar aka ga kan shasi ya naɗe, babu ƙarin ƙiyasi, kai za ka cika. A garejin da kamfani ya amince da shi, ƙarin yana tafiya tsakaninsu, kuma yawanci aikin yana da garanti.

Injiniya Mai Ƙiyasi: Akwai tsaka-tsaki. A nemi izini a rubuce a kai garejin da ake so, a nemi izinin kwance gaban motar don dubawa kawai, mai ƙiyasi ya gan ta a buɗe, sannan a yi maganar kuɗi. Ƙaramar lotsa a ƙofa, karɓar kuɗi ba laifi. Karon da ya fasa jakar iska kuwa, ban ba kowa shawarar karɓar kuɗi mota tana rufe ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Alhaji Mai Motoci: To me ya sa ko an amince ba sa biya cif? Kullum sai an zaftare wani abu.

Hajiya Mai Inshora: Zaftarewa iri uku ce, kuma duk suna cikin takarda. Ta farko kason mai mota, wanda ake kira ekses: adadin da ka yarda za ka ɗauka da kanka a kowane haɗari. Ta biyu ragin tsufa. Inshora tana mayar da kai inda kake kafin haɗari ne, ba ta sabunta maka mota. In tayar da ta ci rabin rayuwarta ta fashe aka sa sabuwa, ko batir, ana iya cewa ka cika bambancin. Ta uku rage darajar mota lokacin sayen inshora don a biya kaɗan. Mu ce motar ta kai 100, ko da wane kuɗi ake lissafi, ka rubuta 60. In ta hallaka 60 ce iyakarka. Wasu takardun ma suna bin wannan kason har a gyara: ɓarnar 20 a ba ka 12. In ka rubuta 130 kuma ba 130 za a ba ka ba, darajar kasuwa ta ranar haɗari za a bi, sai in tun farko an yi yarjejeniya a kan tsayayyar daraja.

Haka lissafin yafe mota yake, wato kamfani ya biya darajarta maimakon ya gyara ta. Gyara 75, gawar motar za ta sayu a 30, jimla 105 ta haura 100, sai kamfani ya ce biyan darajarta ya fi masa. Wasu kamfanonin kaso suke sawa, gyara ya kai wajen kashi 70 cikin 100 a yafe ta. In kana son riƙe gawar, a cire 30 da ekses, mu ce 5, ka tashi da 65. In akwai bashin banki a kan motar, banki ake fara biya.

Barista: Darajar da suka fara faɗa ba dole ba ce. A tattaro tallan motoci uku ko huɗu masu irin samfurin da shekarar da kilomitar, da rasit ɗin sabis da na manyan kayan da aka canza kwanan nan, a aika a rubuce. Kuma a gaggauta, don wasu wuraren ajiya kuɗin kwana suke lissafawa, kamfani kuma yana daina biya bayan ya yi tayinsa.

Sabon Direba: In ni aka daka fa, ba ni da laifi?

Barista: Hanya biyu. Ka bi kamfanin wanda ya dake ka kai tsaye, ba ekses, amma sai sun yarda laifin mutuminsu ne, kuma abin da suke biya na dukiya yakan kasance da iyaka, abin da ya haura shi mai laifin za ka bi. Ko ka bi cikakkiyar inshorarka, a gyara da wuri, ka biya ekses, kamfaninka ya bi wancan ya karɓo har da naka. Wannan ne ya sa ba ka da ikon yafe wa mai laifi bayan kamfaninka ya biya, haƙƙin bin sa ya koma hannunsu. Kuma kada a yi saurin cewa ba rauni. Ciwon wuya da baya yakan bayyana bayan kwana ɗaya ko biyu, a je asibiti a ajiye takarda.

Alhaji Mai Motoci: Ƙaramar ɓarna dai ni ban ga amfanin nema ba. Gyara 6, ekses 5, ka karɓi 1 ka rasa rangwamen shekarun da ba ka nemi diyya ba.

Hajiya Mai Inshora: Lissafinka daidai ne Alhaji. Sai dai ko ba za ka nema ba, ka sanar da su cewa an yi, musamman in da wata mota a ciki. Ɗaya direban yana iya tasowa bayan wata biyu da takardar asibiti.

Malam Fanel Bita: Mu zo ranar karɓar mota. Da rana ake karɓa, a fili, motar a wanke a bushe. A ƙarƙashin fitilar gareji kowane fenti daidai yake. Ka tsaya nesa ka dubi fenda da ƙofar da ke kusa da ita ta gefe. Fenti mai ƙyalli ko an haɗa shi da lambar launin motar ba ya zama daidai ɗari bisa ɗari, shi ya sa ake feshe shi ya narke cikin ƙofar da ke maƙwabtaka, kuma wannan aikin ya kamata ya fito a ƙiyasi. Ka bi tazarar bonet da fenda da yatsa, hagu da dama su zama ɗaya daga sama har ƙasa. Ƙofa ta rufu da turi ɗaya. Ka buɗe bonet ka duba inda aka yi walda, an shafe shi da abin hana tsatsa ko an bar shi tsirara. Maganaɗisu a naɗe da ƙyalle in ya ƙi kama wani wuri a bodin ƙarfe, fila ta yi kauri a nan.

Oga Bakanike: Ka nemi takardar alaimen, wato saitin tayoyi, daga na'ura, ta kafin gyara da ta bayansa. In taya ta sha duka, tayarod ko hannun ƙasa ko shokozoba na iya lanƙwashewa kaɗan yadda ido ba zai gani ba, sai lamba ta ƙi shiga. Ka tuƙa ta kilomita goma aƙalla, har da hanya mai gudu: sitiyari a tsakiya, ba ja gefe, ba rawa in an taka burki. Ka tsaya inji yana aiki da AC a kunne har fanka ta tashi ta mutu, allurar zafi ba ta wuce inda ta saba ba. Gas ɗin AC da awo ake zuba shi, nau'insa da giram ɗinsa suna rubuce a takardar da ke manne ƙarƙashin bonet. Sannan ka ce a nuna maka tsofaffin kayan da aka cire, ka bi su da ƙiyasi layi-layi. An rubuta sabon lagireto, ina tsohon?

Barista: Sai bayan duk wannan ake sa hannu a takardar sallama, wadda take cewa ka gamsu. In akwai abin da ya rage, a rubuta shi a jikinta kafin sa hannu, ko a bar motar. In kamfani ya ƙi biya, a nemi dalili a rubuce da lambar sharaɗin da ya dogara da shi. Daga nan sashen ƙorafinsu, sai hukumar da ke kula da kamfanonin inshora a ƙasar. A duba takardar inshorar ko ta ce sai an bi sasanci kafin kotu, da wa'adin da ta sa, don yana ƙarewa mutum yana ta zirga-zirga.

Uwar Biyu: Don Allah kujerar yara da take cikin motar lokacin karon fa? Ba ta fashe ba.

Injiniya Mai Ƙiyasi: Uwar Biyu, karon da ya kai jakar iska ta fashe, canza ta ake yi ko ba a ga tsaga ba, ko yaron ba ya ciki, don robar da bel ɗinta sun riga sun sha ja. Ki ɗauki hotonta a inda take a ɗaure da takardar da ke manne a jikinta, a sa ta a fom tun farko, kamfanoni da yawa suna biya. Tsohuwar kuma a yanke bel ɗinta kafin a yar, kada wani ya tsinta ya ɗora ɗansa a kai.